Sandar Sunuka: Martani ga Mai Cewa Sai Gangariya

Sandar sunuka kashi biyu ce, ko da kuwa daga itace guda aka fiƙe ta. Akwai gaba, wato siririn ɓangaren da ke zamewa a kan yatsun ɗan wasa, wanda ake liƙa wa 'yar ƙaramar fata a baki. Akwai kuma gindi, inda hannu ke riƙewa, inda nauyi yake taruwa, inda kuma ake zuba ado. Tsawonta yakan kai inci 57 ko 58, kusan mita ɗaya da rabi, nauyinta kuwa wajen rabin kilo ne. Masu ƙera ta a Ingila sun saba yin gaban da itacen ash, mai jijiya a fili kamar kan kibiya, su haɗa masa gindin eboni baƙi wuluk. Na Amurka, inda aka fi buga wasan ful, sun fi son mapul, farin itace mai santsin jiki, sannan su ƙawata gindin da itatuwa masu launi, da azurfa, da ɓawon kawa mai sheƙi, a da can har da hauren giwa. Abin da ake bugawa a rumfunan Magama da Jibiya da Katsina, duk da sunan sunuka da ya bi shi, galibi ful ne a kan ƙaramin tebur. Sandunan da ke jingine a gefen teburin kuwa yawancinsu 'yan China ne masu araha, waɗanda adon gindinsu hoto ne aka manna, aka bi shi da man sheƙi.

A kan wannan hoton da aka manna ne wani marubuci ya gina hujjarsa. A ganinsa, duk sandar da adonta ba dasa shi aka yi a cikin itace ba jabu ce, sayar da ita algus ne, kuma ita ce ke hana matasan bakin iyaka ƙwarewa a wasan. Ya kafa hujja da maganar nan ta Hausawa cewa kama da wane ba ta wane. Daga nan ya ba da shawarar kafintocin Jibiya da Maraɗi su shiga ƙera sanduna da madobiya da kanya, su yi musu adon dashe irin na manyan masu sana'ar Turai, har ya ambaci hauren giwa a matsayin ƙololuwar ado. Kishinsa ga sana'ar hannu abin yabo ne, kuma akwai wurin da ya faɗi gaskiya. Sai dai ya cuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe: itacen da ke aiki, itacen da ke ado, da gaskiyar mai sayarwa.

Bugu a gaban sanda yake. Idan ɗan wasa ya bugi farar ƙwallo a gefe don ta tafi tana juyawa, ba ta bin daidai inda sanda ta nuna, takan ɗan kauce. Yawan kaucewar ya danganta da nauyin 'yan incin farko na bakin sanda: in bakin ya yi nauyi ƙwallo ta kauce da yawa, in ya yi sauƙi ta kauce kaɗan. Shi ya sa wasu kamfanoni ke huda bakin ta ciki don rage masa nauyi. Bayan wannan sai miƙewar sanda, sai ingancin fatar bakinta da yadda take riƙe alli, sai santsin gaban a kan yatsa. Aikin gindi shi ne ya ba da nauyi da daidaito a hannu, kuma wannan aikin ana samun sa da baƙin itace mai tsada, ana kuma samun sa da kusoshin ƙarfe da ake ɗaurawa a cikin gindin. Ƙwallo ba ta ganin zanen da ke bayan hannun mai bugu.

Tarihin wasan ya tabbatar da haka. Stephen Hendry na Sikotilan ya ci gasar sunuka ta duniya sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da sandar da aka saya masa fam 40 tun yana yaro, bai rabu da ita ba sai da ta karye a 2003 cikin kayan jirgin sama. Ken Doherty na Ayalan ya ci gasar 1997 da tsohuwar sandar gidan wasa da ya saya fam biyu a birnin Dublin, wadda ma ba ta gama miƙewa ba. Sabo ne ya kai su, shekara da shekaru da sanda ɗaya. A ɓangaren ful kuma, tun da kamfanin Predator ya fito da gaban sanda na zaren kabon mai suna Revo a 2016, manyan 'yan wasa da dama suka koma kansa, alhali babu ko sili na itace a jikinsa. Idan matashin Magama bai ƙware ba, a duba teburin da ya karkata, da kyallen da ya yage, da fatar bakin sanda da ta ɓare aka maye gurbinta da hular roba, da sauya sanda a kowane wasa. Hoton gindi ba ya cikin jerin masu laifi.

Ita kanta gangariyar da marubucin ke kira ba abu ɗaya ba ce. Akwai haɗin gaske, inda ake fere itacen gaba, a manna masa ɓallayen eboni huɗu, a fiƙe su tare har su fito kamar harsuna huɗu suna hawa jikin sandar. Wannan haɗin yana aiki, domin shi ke ɗaure itatuwan biyu ya kuma kai nauyi baya, tunda eboni yakan nutse a ruwa saboda nauyinsa. A sandar sunuka, harsunan haɗin hannu bakinsu a zagaye yake, na inji kuwa tsini ne da su. Irin wannan aikin ne ya ɗaukaka sunan kamfanin Peradon, wanda ya fara tun 1885, da John Parris na Landan. Adon dashe kuwa wani abu ne daban: ana sassaƙa ɗan rami marar zurfi a jikin gindin, a yanko ɓallin itace ko azurfa daidai bakinsa, a cusa da gam. Zurfin bai wuce 'yan milimita ba, kuma a yau injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yin mafi yawansa. Ba ya ƙara wa bugu komai. Haka kuma sanduna masu tsada da yawa a Amurka ana huda itacen adonsu ne ta tsakiya, a zura mapul a ciki don kada ya karkace, itacen mai tsada ya zama riga kawai. Eboni ma da bai yi baƙi sosai ba akan rina shi. Wanda ya ce sai gangariya, wajibi ne ya faɗi wacce yake nufi a cikin waɗannan.

Sannan akwai maganar yanayi, wadda mai rubutu daga nesa kan manta. Itace yana shan danshi yana fitarwa muddin yana nan. A yankin Jibiya damina 'yan watanni ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, sai hunturu ya biyo baya da iskar da ke tsattsage leɓe da diddige, sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40. Kowane kafinta a Katsina ya san ƙofar da ke cijewa da damina ita ce ke barin kafa da hunturu. Idan aka haɗa itace iri uku da ƙarfe da ɓawon kawa a gindi ɗaya, kowanne da irin kumburinsa da tsukewarsa. Bayan 'yan shekaru sai bakin dashen ya fara tasowa, yatsa ya riƙa jin sa, man sheƙin ya tsage a kan layin gam. Masu irin waɗannan sanduna a ƙasashen waje a akwati suke ajiye su, cikin ɗaki mai daidaiton iska. Sandar rumfa kuwa a jingine take kwana a jikin kwano, hannu ashirin ya taɓa ta kafin magariba, wani ya dogara da ita, wani ya buga gindinta a ƙasa don murnar cin wasa. Mai tebur da ke tara kuɗin wasa kaɗan-kaɗan, in ya sayi sanda mai hoto ya adana sauran kuɗin don sabuwar fata da kyalle, lissafinsa daidai ne.

Inda shawarar marubucin ta fi haɗari shi ne batun madobiya. Wannan itaciya ce da makiyaya ke sassabo wa dabbobi ganyenta da rani, kuma ita ce 'yan kasuwar katako ke kira koso. Da kasuwar kayan ɗaki na jan itace ta bunƙasa a China, sai aka far mata a duk Afirka ta Yamma, daga Gambiya da Senegal har Najeriya, inda dazukan Taraba da Adamawa da Kogi suka ji jiki. A taron yarjejeniyar CITES ta kare namun daji da tsirrai da aka yi a Johannesburg a 2016, an sa madobiya a jeri na biyu, wato ba a fitar da ita ƙasar waje sai da izini, dokar ta fara aiki a farkon 2017. A shekarar ce ƙungiyar bincike ta EIA ta fitar da rahoton cewa an shigar da gumagumai sama da miliyan 1.4 daga Najeriya zuwa China ba bisa ƙa'ida ba, masu darajar kusan dala miliyan 300. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. A taron Panama na 2022 kuma maɗaci ma ya shiga jerin. Gaskiya ne sandar sunuka ba ta cin itace kamar kujera ko gado, amma a yankin da itatuwan suka riga suka yi ƙaranci, ƙirƙiro sabon dalilin sare su ba ƙaramin abu ba ne.

Kanya kuwa, duk da 'yar'uwar eboni ce ta jini, ba kasafai zuciyarta ke yin baƙi irin na ebonin kurmin Kamaru ba. Wanda ke neman baƙi wuluk a cikinta zai kayar da da yawa kafin ya dace. An ga irin wannan ɓarnar a Kamaru. Bayan kamfanin Taylor mai ƙera gita ya shiga mallakar wata masana'antar yankan eboni a Yawunde a 2011, shugabansa Bob Taylor ya bayyana cewa masu sara kan kayar da kusan bishiya goma kafin su sami ɗaya mai baƙi tsantsa, su bar sauran su ruɓe a daji, saboda masu saye ba sa son mai ratsi. Son gangariya ne ya jawo wannan, ba son jabu ba. A ƙasar Hausa kanya a tsaye ta fi amfani: 'ya'yanta na yara ne da 'yan talla, inuwarta ta manomi ce. Ƙetaren iyaka kaɗan, a jihar Maraɗi, tun farkon shekarun 1980 manoma suka rungumi sassabin zamani, suna barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a ƙone shi, har aka ƙiyasta an farfaɗo da fili kusan hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. Mutanen da suka yi wannan wahalar ba su cancanci a ce su kayar da kanyarsu don ƙawata gindin sanda ba.

Hauren giwa bai kamata ma ya shigo maganar ba. An haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Najeriya da Nijar duka suna cikin yarjejeniyar CITES tun 1975, don haka sanda mai adon haure da ta tsallaka daga Magama zuwa Ɗan Isa ta faɗa ƙarƙashin wannan dokar, komai ƙanƙantar dashen. Giwayen da suka rage a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, garken Yankari a jihar Bauci na cikin mafi girma. A Janairun 2024 gwamnati ta niƙe tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja. A Amurka ma, a 2016, wani fitaccen maƙerin sanda a Kalifoniya ya amsa laifi a kotu kan yunƙurin fitar da sanduna masu adon haure zuwa Taiwan.

Abin lura shi ne wasan ya daɗe da rabuwa da haure a wurin da ya fi muhimmanci. A ƙarni na 19 ƙwallayen tebur na hauren giwa ne, kuma haure guda ƙwallo kaɗan yake bayarwa. Da ya yi tsada, wani kamfanin New York mai suna Phelan da Collender ya sa ladan dala 10,000 ga wanda ya samo madadinsa. Neman wannan ladan ne ya kai John Wesley Hyatt ga haɗa sinadarin seluloyid wajen 1869, ɗaya daga cikin robobin farko a duniya. Ƙwallayen gasa na yau, irin su Aramith da ake yi a Beljiyam, na roba mai tauri ne, sun fi na haure daidaito, ba sa tsagewa da sauyin yanayi. Abin da ya fara a matsayin kwaikwayo ya zama shi ne ma'auni. Babu ɗan wasan da ke kiran ƙwallonsa jabu don ba giwa aka kashe aka yi ta ba.

To amma marubucin ya yi gaskiya a wuri guda, kuma wuri ne babba. Akwai ha'inci a kasuwar sanda. Akwai mai manna hoto ya rantse dashe ne, ya karɓi kuɗin dashe. Akwai wanda ya fi wannan muni, mai ɗaukar itace marar ƙwari, wanda bai gama bushewa ba, ya zana masa jijiyar ash da fenti a gaba, ya lulluɓe da man sheƙi mai kauri. Wannan kwaikwayon ya shiga inda ake aiki: sandar za ta karkace kafin hunturu ya wuce, man kuma ya riƙa cije yatsa da zarar gumi ya fito. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Katsina, tun daga Risala, ya haramta algus da ɓoye aibin kaya, ya kuma ba mai saye damar mayarwa in ya gano. Haramcin a kan ɓoyewa yake. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun daɗe da sanin bambancin: atamfa 'yar Holan da 'yar China suna rataye a shago ɗaya, shaddar Getzner da mai kama da ita suna kan kanta ɗaya, kowacce da sunanta da kuɗinta. Hular da aka ɗinka da allura da wadda inji ya yi duka ana sawa a je Juma'a. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda aka zalunta shi ne wanda aka ce masa ƙwarya ce.

Gane bambancin ba ya buƙatar na'ura. Mai saye ya kwantar da sandar a kan tebur ya mirgina ta da tafin hannu. In bakin yana ɗagawa yana sauka, ta karkace. Ya ɗaga ta ya saita ido daga gindi zuwa baki, yana juya ta a hankali ta fuskar haske. Ya dubi harsunan haɗin: na gaske jijiyar kowane itace tana tafiya da kanta ta tsaya a layin gam, kuma da wuya harsunan su yi kama da juna sak, na hoto zanen yana maimaita kansa, wani lokaci har ana ganin layin da takardar ta haɗu a baya. In sandar mai warwarewa ce, ya kwance ta ya leƙa bakin mahaɗin, domin can ne launin itacen ciki yake fitowa. Tsohuwar sanda kuwa ita ke tona kanta: duk inda ta ƙwarzane, in baƙi ya ci gaba har ciki eboni ne, in fari ya leƙo fenti ne. Shi ma lakabin ɗan China ba hukunci ba ne, domin a China da Tailan ana yin haɗin hannu na ƙwarai, ana kuma yin na banza.

Ita ma sanda mai araha ba a wanke ta tas ba. Shekaru da dama ana yin yawancinta da ramin, farin itacen dazukan fadama na Indonesiya da Malesiya, har shi ma ya yi ƙaranci aka sa shi a jeri na biyu na CITES a taron 2004. Don haka tambayar da ta dace a yi wa kowace sanda, mai tsada ko mai araha, ita ce wane itace ne a gabanta, daga ina ya fito, kuma ya bushe ko bai bushe ba.

Saura batun kafintocin gida, wanda shi ne ainihin burin marubucin. Abin da zai hana su ƙera sanda mai kyau ba rashin madobiya ba ne. Busar da itace ne da haƙuri. Masu sana'ar a waje sukan fiƙe gaban sanda kaɗan, su rataye shi makonni ko watanni ya huta, su sake fiƙewa, sau da yawa, suna zubar da duk wanda ya lanƙwashe a hanya. Kafintan da ke jiran kuɗin cefane a yau ba zai iya wannan jiran ba sai da jari da tabbacin mai saye. Aikin da ke kusa da hannunsa shi ne gyara: sauya fatar baki, ɗaura sabon zoben tagulla ko na roba a ƙarƙashinta, kankare man da ke cije yatsa da takardar yashi mai laushi a shafa man itace, daidaita nauyin gindi, da ƙera marataya ta katako da za ta tsayar da sanduna a miƙe nesa da zafin kwano. Wanda kuma ya so ya gwada ado na gaske, akwai guntayen maɗaci da na ƙirya da ke zube a wurin masassaƙa da masu kayan ɗaki, da ƙahon sa da ƙashin raƙumi daga mahauta, waɗanda in an goge su suna ba da baƙi da fari masu kyau. Gindin sanda guda ba ya buƙatar fiye da abin da turmi ɗaya ke bari a ƙasa bayan an gama sassaƙa shi.